Inda Taswirar Jagora Ta Tsaya: Sharhi kan Yawon Kufai daga Jado zuwa Magarya da Dungas

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa duba takardun tallar da kamfanonin yawon buɗe ido suka riƙa bugawa game da Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, zai lura cewa kusan hanya ɗaya dukansu suke shatawa. Baƙo zai sauka Agadas, ya hau hasumiyar tsohon masallacinta mai tsawon mita 27, ya shiga duwatsun Abzin a nuna masa kufan Asode, sannan ya ratsa rairayin Tenere zuwa Fashi da Bilma. Idan guzurinsa da kwanakinsa sun kai, sai a dangana da shi Jado, inda gidajen dutse da laka suke tsaye bisa tsauni, ɗaki kan ɗaki, ba kowa a ciki. Wanda ya biyo ta ƙasa daga Yamai akan ba shi yini guda a Zinder, ya ga fadar Sarkin Damagaram da lungunan unguwar Birni da gidan da Bature Heinrich Barth ya sauka, kashegari a juya kan mota arewa. A nan taswirar take tsayawa ta fuskar kudu. Magarya, wadda ke kimanin kilomita 90 kacal daga Zinder, da Dungas da ke gabas da ita, da wuya a ga sunansu a ciki.

Tsarin tafiya irin wannan rubutu ne kamar kowane rubutu. Akwai wanda ya tsara shi, akwai wanda aka tsara wa, akwai kuma abin da aka sa a gaba da abin da aka tsallake. Saboda haka ya cancanci a yi masa irin sharhin da ake yi wa littafi. Babban abin da sharhin zai nuna shi ne, taswirar ta ɗauki rabin labari ta sayar da shi a matsayin cikakke, domin biranen hamadar da take tallatawa ba su taɓa ciyar da kansu ba. Hatsin kudu ne ya riƙe su, kuma ƙasar Magarya da Dungas tana tsakiyar wannan kudun.

Waɗanda suka shata hanyar

Tushen wannan taswira yana cikin littattafan matafiyan Turai na ƙarni na 19, musamman na Barth, wanda ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850 da sunan Abdulkarim, ya kuma iso Zinder a ƙarshen 1852. Bayan Faransawa sun ci Damagaram a 1899, hafsoshinsu masu sintiri bisa raƙuma suka shiga rubuta rahoto kan kufaifai da zanen duwatsu na arewa, daga baya masu bincike irin su Henri Lhote suka biyo sawu. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, shi ya kai hoton Tenere cikin gidajen Turai ta talabijin. Mano Dayak kuwa, da kamfaninsa na Temet da ke Agadas, yana cikin waɗanda suka mai da wannan sha'awa ta zama sana'a, wadda direbobi da masu dafa abinci da maƙeran azurfa suka ci abinci da ita shekara da shekaru.

Adalci ne a faɗi alherin wannan sana'a kafin a taɓo aibinta. Jagoran hamada mai ilimi ne na haƙiƙa, domin ya san mazaunin rijiya da halin iska da tafiyar taurari, kuma ran baƙo a hannunsa yake tun daga fita har komowa. Abin da yake nunawa ma ba ƙarami ba ne. Zanen raƙuman dawa na Dabus, wanda babbansu ya haura mita biyar, da maƙabartar Gobero da tawagar Paul Sereno ta ci karo da ita a shekarar 2000, mai kaburbura kusan 200 na mutanen da suka zauna bakin tafki zamanin da hamadar take kore, abubuwa ne da kowace ƙasa za ta yi alfahari da su. Haka nan shigar tsohon birnin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2013 ba ta zo a banza ba.

Sai dai sana'ar ta rataya ne kacokan ga baƙo mai zuwa daga nesa. Tawayen shekarun 1990 zuwa 1995 ya tsayar da ita, ta farfaɗo, sannan tawayen 2007 da sace ma'aikatan ma'adinan yuraniyom a Arlit a watan Satumba na 2010 suka yanke mata jijiya. Jagorori da dama suka koma jigilar ƴan ci-rani zuwa Libiya, wasu suka bi zinariyar da aka gano a yankin Jado a 2014. Wannan faɗuwa ta tona wani asiri da cinikin ya daɗe yana rufewa, wato taswirar ba ta da mai karanta ta a gida. Da baƙon ya ɗauke ƙafa, ba a samu ɗalibin Zinder ko malamin Maraɗi da ya maye gurbinsa ba, domin tun farko ba a rubuta ta da su a zuci ba.

Kufai a matsayin abin kallo

Aibi na farko na wannan rubutu shi ne yadda yake son kufai ya zama wofi. Hoton Jado da aka fi yayatawa shi ne na ganuwa da faɗuwar rana, babu mutum ko ɗaya a ciki, ga kuma jimlar nan da ake maimaitawa cewa ba wanda ya san maginan wurin. Jimlar tana da daɗin ji, tana kuma jawo mai saye, amma tana binne abin da aka sani. Tarihin Jado da Kawar yana ɗaure da na Kanem da Barno, kuma dabinon da ke gindin tsaunin yana da masu shi, waɗanda kan zo girbinsa idan lokaci ya yi. Garin da aka cire wa mutanensa a cikin hoto, an cire masa tarihi ke nan, ya rage sai siffa. Baƙo ya kalla, ya yi mamaki, ya ɗauki hoto, ya tafi bai tambayi abin da mazauna wurin suke ci ba.

Wannan tambaya ta abinci ita ce ke kai mai karatu ga aibi na biyu, wanda ya fi na farko girma. Bilma da Fashi suna da gishiri da dabino, amma ba su da gonar hatsi. Kowace kaka ayarin Abzinawa yakan ratsa Tenere da hatsi da tufafi, ya komo da kantun gishiri da dabino, sannan ya gangara kudu ta Damargu da Damagaram har zuwa Kano. A can raƙuma suke cin rani cikin karan gonaki, suna bar wa manomi taki, masu su suna sayar da gishiri suna awon hatsin da za su koma da shi. Barth da kansa da irin wannan ayari ya fito daga Abzin zuwa Damargu a ƙarshen 1850. Masana tarihi irin su Stephen Baier, a littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar, da Paul Lovejoy, a nasa na 1986 kan gishiri, sun nuna cewa hamada da ƙasar noma kasuwa ɗaya ce mai ƙofa biyu. Hasali ma ƙarfin Damagaram zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Zinder da ganuwa ya sa aka ƙera masa igwa a cikin gari, daga tsayuwarta tsakanin ƙofofin nan biyu ya samo asali.

Ke nan tafiyar da ta nuna wa baƙo inda ake haƙo gishiri, ta ƙi nuna masa inda ake noma hatsin da aka saye shi da shi, tamkar ta nuna masa rijiya ne ta ɓoye masa guga. Zai koma gida da tunanin cewa waɗannan birane wasu tsibirai ne na al'ajabi da suka tsiro cikin rairayi, alhali kuwa zango ne a kan hanyar da ɗayan bakinta yake cikin rumbunan Hausa.

Kufan da ya koma gona

To, me ke akwai a Magarya da Dungas da zai sa a miƙa taswirar zuwa can? Da farko dai akwai tarihin sarauta mai zurfi. Dungas da Washa, tare da Mirya, su ne ƙasashen Tsotsebaki, waɗanda ruwayar baka take danganta asalin sarautarsu da Barno, waɗanda kuma Damagaram ta mamaye a ƙarni na 19. Na biyu, akwai labarin gudun hijirar gidan sarautar Daura. Lokacin da masu jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci birnin Daura a shekarun farko na jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, ya yi ta ƙaura har ya zauna Yekuwa, wadda a yau take cikin gundumar Magarya. Ƴan gidansa ne suka kafa sarautun Zango da Baure, kamar yadda M. G. Smith ya bi diddigi a littafinsa na 1978 kan al'amuran Daura. Da hafsoshin Faransa da Ingila suka kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai Zango da Baure suka faɗa hannun Ingilishi, Yekuwa da Magarya suka faɗa hannun Faransawa. Labari ɗaya ya rabu gida biyu, kowane rabi da harshen makarantarsa.

Dalilin da ya sa idon baƙo ba ya ganin wannan tarihi a fili yake. A hamada fari ne mai gadin gini, shi ya sa bangon da aka bari shekara ɗari biyu yake nan tsaye. A kudu kuwa da tubalin ƙasa ake gini, ƙananan garuruwa ma kafin itace suke kewaye kansu da shi, damina kuma ba ta yafe wa bangon da aka daina yaɓewa. Bugu da ƙari, wannan yanki yana cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar. Ƙidayar 2012 ta ba gundumomin biyu, waɗanda a 2011 ne aka raba su, mutum sama da 900,000. Inda jama'a suka yi yawa haka, kufai ba ya daɗewa bai koma gona ba, ga shi ma ƙasarsa ta fi kowace taki.

Amma komawa gona ba ya nufin ɓacewa. Manomin ƙasar Hausa ya san alamun tsohon mazauni: kukoki da suka taru wuri ɗaya a tsakiyar daji, tsingaro da garma ke tonowa kowace shekara, kashin maƙera inda aka taɓa narka tama, bakin rijiyar karofi da ƙasa ta cike, da tudun da ya miƙe ya lanƙwasa inda ganuwa ta kwanta. Sunaye ma rumbun tarihi ne, domin wurin da ake kira Kufan wane ko Kafin wane ko Zangon wane ya riga ya faɗi abin da ya taɓa zama. Irin wannan kufai karanta shi ake yi, kuma ba ya karantuwa sai da mai nuni. Masu iya magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Abin ban takaici shi ne, a wurin da aka fi bukatar jagora, nan ne sana'ar jagoranci ba ta taɓa kafuwa ba.

Akwai misali a cikin jahar ta Damagaram da ke nuna abin da bincike zai iya fitarwa daga irin wannan ƙasa. Kufan Kanawa, wanda ke yamma da Zinder, wuri ne mai ganuwar dutse doguwa, wanda ruwaya take cewa daga nan mutanen Kano suka tashi. Anne Haour ta yi tono a wurin a farkon shekarun 2000, awon da aka yi kuma ya nuna an zauna shi tsakanin ƙarni na 14 da na 17. Narkar ƙarfe a Dutsen Dala kuwa ta kai ƙarni na 7. Wannan bai kashe ruwayar ba, sai dai ya sauya tambayar: wane ɓangare na Kanawa, a wane zamani, kuma me ya sa masu ruwaya suka riƙe wannan suna? Tafiyar da za ta tsayar da ɗalibi a kan wannan ganuwa, ta gaya masa abin da baki ya ce da abin da ƙasa ta ce, ta bar shi ya auna, ta fi hoton faɗuwar rana ɗari amfani.

Bakin jagora

A tsarin ayarin Hausawa na da, akwai madugu mai shugabanci, akwai kuma jagaba wanda ke gaba yana nuna hanya yana zaɓen zango. Jagoran kufai ya gaji jagaba, amma an ƙara masa nauyin da wancan bai ɗauka ba, wato nauyin labari. Dutse ba ya magana, abin da jagora ya faɗa a gabansa shi baƙo zai tafi da shi. Don haka duk wanda zai shata sabuwar hanya zuwa kudu dole ya yi hattara da kuskuren da ke jiransa a can, wanda ya bambanta da na arewa. A arewa an cire mutane daga labari. A kudu haɗarin shi ne a bar sarakuna kaɗai a ciki.

Mafi yawan abin da aka rubuta game da wannan yanki daga fada ya fito. Landeroin, tafintan tawagar Tilho da ta yi aikin iyaka, a gaban sarakuna da fadawansu ya tattara tarihin da aka buga a 1911, kuma masu rubutu da yawa daga baya daga wannan rijiya suka sha. André Salifou, a littafinsa na 1971 kan Damagaram, ya faɗaɗa binciken ƙwarai, amma shi ma daular ce maudu'insa. Gaskiya ne waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, sai dai waƙar kufai masu ita biyu ne: wanda ya ci garin da wanda aka ci. James Richardson, wanda ya zauna Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda Sarki Ibrahim ya fita hari kan garuruwan maƙwabta ya komo da bayi, da yadda ake cinikinsu a gari. Wani ɓangare na dukiyar da ta gina sorayen Birni daga nan ya fito, kuma wasu daga cikin waɗanda aka kama hamada aka ratsa da su zuwa arewa. Gari ba ya zama kufai haka kawai. Ko yaƙi, ko yunwa, ko ƙafewar rijiya, ko harajin da ya fi ƙarfin talaka. Jagoran da ya rera kirarin Tanimun a ƙofar fada, ya isa kufai ya yi shiru, ya bar aikinsa rabi.

Wannan ba kira ba ne na tozarta gidajen sarauta, waɗanda su ne suka adana mafi yawan abin da ya rage, daga jerin sunayen sarakuna har tambura da kayan yaƙi. Kira ne na a haɗa bakin fada da na maƙera da marina da tsofaffin mata masu riƙe da tarihin aure da ƙaura, da na zuriyar waɗanda aka kora. Tsoho ɗaya a Gushi ko Bande da ya san wace rijiya ce ta fara ƙafewa, da inda mutanenta suka nufa, yana riƙe da shafin da babu shi a littafin Landeroin.

Kammalawa

Lokaci ba ya jiran wannan aiki. A watan Satumba na 2024 ruwan sama mai ƙarfi ya rushe tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Zinder, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, alhali unguwar da fadar suna cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO tun 2006 domin a duba. Idan haka ta samu ginin da ke tsakiyar birni, kowa na ganinsa, ina ga tudun ganuwa da ke gonar wani a Yekuwa? Dokar kare kayan tarihi ta 1997 tana nan a rubuce, amma doka ba ta kare wurin da ba a san sunansa ba. Matakin farko kuwa ba mai tsada ba ne: ɗaliban tarihi na Jami'ar André Salifou ta Zinder su bi garuruwan gundumomin nan biyu da rikoda da littafi, su rubuta sunan kowane kufai da mai gonarsa da abin da dattawa suka ce game da shi, cikin Hausa, kafin a yi maganar tono.

Mutanen wannan yanki sun riga sun nuna cewa suna iya tsare abin da suka ɗauka nasu ne. Ana ruwaito cewa Tanimun ya kafa hukunci mai tsanani kan wanda ya sare gawo. Hukuncin ya tafi da zamaninsa, itacen ya yi ƙaranci, har sai da manoman Magarya da Matamai da Mirya, daga tsakiyar shekarun 1980, suka shiga barin tsiron gawo a gonakinsu bisa raɗin kansu, don sun ga amfaninsa ga hatsi da dabbobi. Sakamakon ya kai ga masana daga ƙasashen duniya suna zuwa kallo. Kufai ma ta wannan hanya zai tsira, idan mai gona ya san labarin kakanninsa ne ke ƙarƙashin kunyarsa, ya kuma ga baƙon da ya zo tambaya yana girmama shi.

Baƙon nan kuwa ba sai ya hau jirgi daga Paris ba. Yana Daura da Zango da Baure, inda ake da ƴan uwan mutanen Yekuwa. Yana Kano, wadda ke da kufai mai sunanta a ƙasar Damagaram. Yana cikin masu ƙetare iyaka kowane mako ta Babban Mutum da Maigatari. Taswirar da za ta bi sawun kantun gishiri daga Bilma, ta Agadas da Damargu da Zinder, ta sauka Washa da Dungas da Magarya inda ake auna hatsinsa, ita ce za ta ba Jado ma'anar da hoto bai ba ta ba. Ita ce kuma za ta sama wa jagora abokin tafiya wanda ba ya ɗauke ƙafa don wani ofishin jakadanci ya shafa wa yankin jan launi.